Idan Tauraruwa Ta Sunkuyar da Kai a Ƙarshen Labari: Tarken Matantaka Tsakanin Ƙagaggun Labaran Jamusanci da na Hausa, Daga Mahangar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata matsala da take yawan tasowa idan an ɗora ra'in matantaka a kan ƙagaggun labaran Hausa, wato yadda za a fassara tauraruwar da ta yi gwagwarmaya tun daga farkon littafi, amma a babin ƙarshe ta koma ƙarƙashin tsarin da ya cuce ta. An waiwayi yadda matarkan adabin Jamusanci suka fuskanci irin wannan matsala tun daga shekarun 1970, sannan aka gwada dabarunsu a kan taurarin Hafsatu Abdulwahid da Balaraba Ramat Yakubu. An yi nazarin ne daga Zamfara, jihar da marubuciya ta farko ta daɗe tana zaune a cikinta, kuma jihar da abubuwan da suka faru a Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka sauya yadda ake karanta waɗannan littattafai.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen neman digiri a sassan Hausa na jami'o'inmu ya san wani tsari da ya riga ya zama jiki. Ɗalibi zai zaɓi littafi biyu ko uku, ya ce ya ɗora aikinsa a kan ra'in matantaka, ya ambaci Simone de Beauvoir da Kate Millett a babi na biyu, sannan a babi na huɗu ya jero kanun batutuwa: auren dole, hana ilimi, sakin wulaƙanci, kishi. A ƙarƙashin kowane kai sai ya tsakuro shafi ɗaya ya kafa hujja da shi. Ni ma ta wannan hanya na bi a kundina na digiri na biyu, don haka ba daga nesa nake jifa ba.

Hanyar tana tafiya daidai har sai an iso babin ƙarshe na littafin da ake nazari. A nan ne tauraruwar da aka yi ta yabo a kan jarumtarta takan yarda a mayar da aurenta da mijin da ya kore ta, ko ta nemi gafarar uban da ya yi mata dole, ko ta rungumi kishiya. Sai ɗalibi ya rasa tudun dafawa. Wani ya ce marubuciyar ta ji tsoro, wani ya ce ba ta fahimci matantaka ba, mafi yawa kuma su tsallake babin kamar ba ya cikin littafin. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babin da ake tsallakewa shi ne wurin da tarken matantaka ya fi samun aikin yi, kuma matarkin da ba shi da abin cewa a kansa bai karanta tauraruwar ba, ƙidaya laifukan maza kawai ya yi.

Za a iya tambayar abin da ya haɗa wannan da Jamus. Dalili shi ne, matarkan adabin da aka rubuta da Jamusanci, a Jamus da Ostiriya da Suwizalan, sun ci karo da wannan matsala tun da wuri, domin fitattun taurarinsu mata ba sa ƙarewa da nasara. Suna mutuwa ne, ko su ɓace, ko su ba wanda ya cuce su gaskiya. Dole ta sa matarkan suka ƙera kayan aikin karanta irin wannan ƙarshe.

2.0 Effi da 'Yan'uwanta

Littafin Effi Briest na Theodor Fontane, wanda ya fito a 1895, namiji ne ya rubuta shi, amma a kansa ne matarka mata da dama suka wasa wuƙarsu. Effi yarinya ce 'yar shekara 17 da iyayenta suka aurar ga Innstetten, babban ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 38, wanda a da mahaifiyarta ya nema bai samu ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan irin wannan aure. Kaɗaici ya jefa ta cikin alaƙa da wani hafsan soja mai suna Crampas. Bayan fiye da shekara shida, alaƙar ta daɗe da mutuwa, mijin ya tsinci wasiƙun. Ya kashe Crampas a fito-na-fito da bindiga irin na manyan mutanen wancan zamani, ya saki Effi, ya raba ta da 'yarta, iyayenta kuma suka ƙi karɓarta sai da ciwo ya ci ƙarfinta. A gadon mutuwa ta bar wa mahaifiyarta saƙo cewa a gaya wa Innstetten ta gamsu daidai ya yi.

Idan da tsarin kundayenmu za a bi, sai a ce Fontane ya goyi bayan miji. Masu tarken matantaka ba su tsaya nan ba. Sun ajiye wannan saƙo kusa da wasu wurare biyu. Na farko shi ne hirar da Innstetten ya yi da abokinsa kafin kisan, inda ya amsa da bakinsa cewa ba ya jin ƙiyayya, har yanzu yana son matarsa, amma idon jama'a ba zai bar shi ya yafe ba. Na biyu shi ne ranar da aka kawo wa Effi 'yarta ziyara, yarinyar ta riƙa ba ta amsa kamar aku saboda horon da aka yi mata, Effi ta fashe da fushi ta la'anci irin nagartar mijin nata. Mace ɗaya ce ta yi fushin, ita ce kuma ta yi saƙon. Abin da ya shiga tsakaninsu ciwo ne, da kaɗaici, da rashin kowa. Ke nan saƙon ƙarshe ba hukuncin littafin ba ne a kan miji, ma'auni ne na yawan abin da aka ƙwace wa Effi, har da ikon riƙe fushinta.

Da mata suka karɓi alƙalami, ƙarshen bai yi sauƙi ba. A Malina na Ingeborg Bachmann (1971), mai ba da labarin, wadda ba a ko faɗi cikakken sunanta ba, ta shige cikin tsagar bango ta ɓace, littafin kuma ya rufe da bayyana abin a matsayin kisan kai. A Kassandra na Christa Wolf (1983), wadda ta rayu a Jamus ta Gabas, an sake ba da labarin yaƙin Taroya na tsohuwar Girka ta bakin mai hangen nesan da ba wanda ya yarda da ita, tana magana tana jiran a kashe ta. A Die Klavierspielerin na Elfriede Jelinek (1983), marubuciyar da ta sami kyautar Nobel a 2004, mai danne Erika malamar kiɗa ba miji ba ne, ba uba ba ne, mahaifiyarta ce. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya a ran mai nazarin littattafanmu, inda sau da yawa gwaggo da uwar miji da kishiya su ne 'yan sandan al'ada.

Dabaru biyu daga wancan fage za su yi mana amfani. Silvia Bovenschen, a littafinta na 1979, ta nuna cewa adabi cike yake da hotunan mata, alhali tarihin masu ƙirƙirar adabin kusan babu mata a ciki, don haka yawan mata a shafi ba shaida ba ne cewa an ji muryarsu. Sigrid Weigel kuwa, a wata maƙala ta 1983, ta kawo abin da a Hausa za a kira kallon harara-garke: ido ɗaya ya kafe a kan abin da ya shafi mata kaɗai, ɗayan yana yawo a kan al'umma baki ɗaya. A wurinta mace marubuciya tana zaune ne a tsakanin hoton da ta riga ta ƙi da 'yancin da ba ta kai gare shi ba tukuna, saboda haka saɓanin da ake gani a rubutunta ba rauni ba ne, alamar wurin da take tsaye ce.

Akwai abin da bai kamata a manta ba. Waɗannan ra'ayoyi ba daga sama suka faɗo ba. A Jamus ta Yamma, har zuwa 1977 doka ta ce matar aure za ta yi aikin albashi ne kawai idan bai ci karo da hidimar gida ba. A Suwizalan sai 1971 mata suka sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Da dokokin ƙasarsu suke faɗa, kuma da harshen da kotunan ƙasarsu suke ji. Wanda ya ɗauko sakamakon faɗan ya bar wannan darasi, ya ɗauko kube ne ya bar wuƙar.

3.0 Boɗaɗo da Marubuciyarta a Gusau

Maganar Bovenschen ta hau kan ƙagaggun labaranmu na farko daidai wa daida. Littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 duk maza ne suka rubuta su, kuma akwai mata a ciki. Zainabu ta Jiki Magayi ita ce sanadin duk abin da ya faru, amma rigimar ta Abubakar da Malam Shehu ce, ita abin da ake rigimar a kai ce. Mahaifiyar Shaihu Umar ta ratsa Sahara tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi, duk da haka ta bakin ɗan muka ji labarinta. Sai dai maganar ba ta hau kan adabin Hausa gaba ɗaya ba. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da mata. Giɓin da muke magana a kai na zube ne na boko, daga 1934 zuwa 1980.

A 1980 ne Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, bayan ya yi fice a gasar da kamfanin ya shirya tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Tauraruwarsa Boɗaɗo Bafillatana ce da ta kafe sai Yasir, Balarabe, baƙo a idon danginta. Manazarta sun fi mayar da hankali a kan wannan kafewa, da yadda ta karya kunyar Fulani ta faɗi abin da take so a gaban manya. Abubuwa biyu ne nake ganin ba a ba su haƙƙinsu ba.

Na farko, hujjar Boɗaɗo ba ta 'yancin mutum a kan kansa ba ce irin ta Turai. Abin da ya ba ta ƙafar tsayawa shi ne addini ɗaya ya haɗa ta da Yasir, kuma addinin bai sa ƙabila cikin sharuɗɗan aure ba. Wato ta ɗauko abin da manyanta ba za su iya musantawa ba ta kare kanta da shi daga al'adarsu. Na biyu, da aljana ta shiga tsakaninta da Yasir, ita ce ta fita neman magani. A tatsuniya da labaran 1930 namiji ne yake fita duniya, mace tana jira ko ana ceto ta. A nan an juya tsarin. Duk da haka, me ta fita nema? Aurenta. Mai karatu da ido ɗaya zai ce ashe duk wahalar a kan namiji ce. Mai kallon harara-garke zai ga duka biyun: ta ƙwace tafiyar da a da ta maza ce, ta kuma kashe ta a kan abin da al'umma ta yarda mace ta wahala a kansa. Ba don haka ba, da wuya littafin ya shiga aji a 1980.

An haifi marubuciyar a Kano a 1952, amma ta yi shekaru masu yawa tana zaune a Gusau, kuma a can ne rayuwarta ta ba da wani sharhi a kan littafinta. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996. A Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, dokokin suka fara aiki a Janairun 2000. A wannan yanayi ne Hafsatu Abdulwahid ta nemi tsayawa takarar gwamnan jihar a zaɓen 2003, kuma ta bayyana a hirarrakinta cewa rashin mata a manyan muƙaman jihar ne ya tunzura ta. Ta sha suka daga wasu malamai, takarar kuma ba ta kai ga akwatin zaɓe ba. Ba ina cewa a karanta littafi da tarihin mai shi ba, wannan tsohon tarko ne. Abin lura kawai shi ne, wadda ta nemi kujerar ita ce kuma ta rubuta Nasiha ga Ma'aurata. Duk ra'in da zai tilasta mana mu zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan mata biyu mu jefar da ɗaya, bai dace da ita ba.

4.0 Komawar Rabi

A Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, matsalar ta fito ƙarara. Rabi matar Alhaji Abdu ce, uwar 'ya'ya tara. Mijin yana da shago a kasuwa, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai wa ko'ina. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe karatun yara, ta aurar da Saudatu ga Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye shagonsa, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba shi da komai. A nan ne maza na kusa da Rabi suka taru a kanta sai an mayar da aure, ta kuma yarda ba da son ranta ba.

Na taɓa tattauna wannan ƙarshe da wata malamar Islamiyya a Bunguɗu, mace mai manyan 'ya'ya, wadda ta karanta littafin tun tana amarya. Da na ce mata a ganina an cuci Rabi sau biyu, sai ta yi dariya ta ce, "Ku 'yan jami'a ba ku iya lissafin gida ba. Wadda aka kora da wadda ta dawo ai ba mace ɗaya ba ce. Wa yake cefane yanzu?" Bayan 'yan makonni wata ɗaliba 'yar Tsafe ta gaya mini ita da ta kai wannan babi rufe littafin ta yi, ta kwana biyu ba ta buɗe shi ba. Na daɗe ina neman wadda ta fi gaskiya a cikinsu kafin na gane cewa littafin ne ya shirya duka martanin biyu.

Ga yadda ya shirya su. Marubuciyar ba ta nuna Rabi tana kewar mijinta ba, ba ta kuma nuna shi ya cancanci a yafe masa ba. Ta bar mai karatu ya ga cewa lokacin da Rabi take cikin wahala, tsarin da ya kamata ya tilasta wa Alhaji Abdu ciyarwa da tufatarwa da muhalli, waɗanda duk wajibai ne a fiƙihun Malikiyya, bai yi wani ƙarfi ba. Ranar da shi ya faɗi, sai tsarin ya miƙe da gaggawa, aka tuno da haƙuri da zumunci da darajar 'ya'ya. Wannan bambancin sauri shi ne tuhumar da littafin yake yi, kuma ba za a gan shi ba sai an bar Rabi ta koma. Da ta ƙi, da mun tafa mata mun rufe littafi da kwanciyar rai. Kamar saƙon Effi, komawar tana auna nauyin da aka ɗora ne. Inda suka rabu shi ne, Effi ta ba da gaskiya ta mutu, Rabi ba ta ba kowa gaskiya ba, kuma tukunyar tana hannunta. Malamar Bunguɗu tukunyar ta gani, ɗalibar Tsafe kuma taron mazan.

Novian Whitsitt, a maƙalarsa ta 2002 a mujallar Research in African Literatures, ya kira abin da Balaraba take yi matantaka ta Musulunci da Hausa, wato sukar al'ada da hujjar Alƙur'ani da Hadisi. A shekarar da ta biyo baya ya bayyana tawayen Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da cewa mai taka-tsantsan ne. Obioma Nnaemeka ma ta yi maganar matantakar sasantawa a 2004. Waɗannan sunaye suna da amfani, amma ina tsoron yadda muke amfani da su. Sun zama wata sabuwar hanyar tsallake babin ƙarshe: da an ga tauraruwa ta sunkuya sai a ce ai sasantawa ce irin ta Afirka, a wuce. Sasantawa tana da farashi, kuma aikin matarki ne ya faɗi wanda ya biya, da abin da ya biya, da ko yana da zaɓin ƙin biya.

5.0 Harshen da Ake Kafa Hujja da Shi

Batun harshen hujja ba a littafi kaɗai ya tsaya ba. A shekarar 2000 wata kotun shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya hukuncin bulala saboda cikin da ta yi ba aure, aka zartar a Janairun 2001. Labarin ya zagaya duniya, takardun koke suka yi ta zuwa daga Turai da Amurka ta Arewa. Ƙungiyar Baobab mai kare haƙƙin mata, wadda Ayesha Imam take cikin waɗanda suka kafa ta a 1996, ta bi wata hanya dabam: ta nemi a ɗaukaka ƙara da hujjojin fiƙihu, irin su matsayin tilastawa da shubuhar da take kawar da haddi. A 2003, lokacin shari'ar Amina Lawal a Katsina, ƙungiyar ta fito fili ta roƙi masu aiko da koke daga waje su dakata, domin kurakuran da ke cikin takardunsu da yadda suke zagin addini suna ƙara wa waɗanda ake tuhuma haɗari.

Abin da lauyoyin suka sani shi ne abin da marubutan suka sani tun 1980: hujja tana aiki ne idan wanda ake yi wa ita ba zai iya fita daga cikinta ba. Uban da ya dogara da ikon tilasta wa budurwa aure, wanda Malikiyya ta ba shi bisa sharuɗɗa, ba zai girgiza da sunan de Beauvoir ba. Zai dai yi shiru idan aka tuna masa hadisin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar ba da yardarta ba Annabi (SAW) ya warware auren, ko da zai ce ita bazawara ce, domin yanzu an shiga muhawarar da dole ya amsa. Don haka idan tauraruwa ta jawo aya ko hadisi, kuskure ne matarki ya rubuta cewa ta fake da addini, kamar dai akwai wata hujja ta gaskiya da ta ɓoye a bayansa. Sau da yawa ita ce hujjar, kuma marubuciyar ta yi imani da ita.

6.0 Abu a Zamfara ta Yau

Wa Zai Auri Jahila? (1990) shi ne littafin Balaraba da ya fi saukin shiga tsarin kundayenmu, domin ƙarshensa yana faranta rai. An cire Abu daga makaranta tana 'yar shekara 13, ɗan'uwanta da aka yi mata alkawari da shi ya ce ba zai auri jahila ba, mahaifinta ya huce haushinsa ta hanyar aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijo sa'ansa. Ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar lafiya. Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure a kusan wannan shekaru. Ginin littafin a bayyane yake: matsalar tana cikin gida, mafita tana makaranta, tsakaninsu kuma hanyar mota ce zuwa birni.

Wannan gini ne nake ganin ya fara tsagewa idan aka karanta littafin a Zamfara yanzu. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A Satumban 2023 suka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta ratsa Tsafe, wadda ita ce hanyar da wata Abu ta wannan yanki za ta bi idan za ta gudu Kano, ta yi shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suke shiga da addu'a a baki.

A irin wannan hali, uban da ya ce 'yarsa ba za ta koma makarantar kwana ba, ba lallai ne ya zama mahaifin Abu ba. Yana iya zama mutumin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Auren wuri da zai yi mata yana iya fitowa daga tsoro, ba daga raina ilimin mace ba, ko da yake sakamakon a jikin yarinyar ɗaya ne, kuma bai kamata tausayin uban ya rufe mana wannan ba. Idon da ya kafe a kan mace zai ga an sake cire Abu daga aji. Idon da yake yawo zai ga wanda ya cire ta a wannan karo ba ya cikin gidan, ba ya kuma cikin littafin. Tarken da ya saba neman mai laifi a zaure zai kama wanda ya tarar a can.

Ɗalibar nan 'yar Tsafe, da muka zo kan wannan littafi, ba ta tsaya a kan Sarkin Noma ba ko kaɗan. Tambayarta ita ce da wace mota Abu ta isa Kano, kuma da ƙarfe nawa ta taso.